Kunnen Inna na Cikin Waya

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka da manyan injinan nan naku da ka fi sanin halinsu fiye da na danginka. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Baban yara yana gaishe ka. Ciwon gwiwar Inna ya lafa, tana ci tana barci. Kunnenta ne ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro, zan kuma ba direban tankarku takardar tunda dajin naku ba sabis.

Ka san tun da ka sayo mata abin kunnen nan mai aiki da waya Inna ta dawo cikin mutane. Ta maƙala shi a kunne, wayar na gefenta, manhajar da likitan kunne ya saita tana ɗauko magana tana ƙara mata ƙarfi. To, ranar Talata abin ya ɗauke ɗif. Manhajar ce ta sabunta kanta ba wanda ya aike ta, sannan ta rubuto wai ba za ta sake buɗewa ba sai an sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da wayar gaba ɗaya. Ka ji rainin hankali. Jiya tana aiki, yau ta ce wayar ta yi mata tsufa.

Na shiga wajen Mai Kemis na maƙwabta, don waifai ɗinsa yana kaiwa tagar ɗakin Inna. Sai da ya gama ba ni labarin basir ɗin wani kwastomansa, tiryan-tiryan, kafin ya ba ni lambar sirrin. Na dawo na shiga setin, na nemo wurin sabuntawa, na danna. Akwai ma wani wuri da aka ce a bar waya ta yi da kanta in ta samu hali, shi ma na danna, tunda ba a ce a biya ba. Ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, can ta ce babu wuri.

Na ce bari in ga abin da ya cika ta. Auta, da ban duba ba. Bidiyoyin guruf ɗin dangi ne maƙil, kuma kusan duk Baffa ne ya turo. Ga wani ana ciro masa tsutsa daga dunduniya, ga wata ana matse mata maruru a wuya, ga wani ƙato yana cin abin da ban tsaya na gane ba. Mutum da furfurarsa, wannan ce gaisuwar safiyarsa ga matar yayansa. Na cire rigar wayar don in goge ta, sai ga daskararren man zafi da dattin hannu da wani baƙin abu a kusurwa wanda na rantse ya motsa. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne yadda mutane suka koma. Inna kullum da safe sai ta maƙala abin a kunne ko da ba ya aiki, wai kai ka saya, ba za ta bar shi a faranti ya yi ƙura ba. Ta zauna bakin gado tana yi wa kowa murmushi, su kuma suna magana a kanta kamar ba ta wurin. Shekaranjiya tukunyarta ta ƙone, maƙwabciya ta yi ta kira ta katanga ba ta ji ba. Ba wani abu ya faru ba, miya ce ta kama. Amma labari ya kai wa Baffa, ya zo da babbar rigarsa ya tsaya a tsakiyar ɗakin, a gabanta, ya ce tsohuwa kurma ba ta zaman gida ita kaɗai, gara a mayar da ita gidansa. Yana faɗa yana kallon bango da tagar da ke fuskantar titi, ba ita yake kallo ba. Inna ta ce masa sannu da zuwa, ta tura masa kujera.

Na ce masa waya ce ta lalace, ba Inna ba. Ya ce ni mace ce kuma a gidan wani nake, magana ta ɗa namiji ce. To ga ka, ɗa namiji. Ka rubuto mini yadda ake sabunta wannan shegiyar waya kafin a fitar da uwarka daga ɗakin da ta haife mu.

Yayarka


Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, tana warin man dizal don direba a aljihun gaba ya sa ta. Ina lafiya. Ki gaishe da Inna da hannu biyu, ki rubuta mata a takarda cewa ina gaishe ta tunda ba za ta ji ba, ki gaishe da Baban yara da yaran. Mu nan aikin madatsar ruwa yana tafiya. Ba zan ba ki labarin ɗakin cin abincinmu ba, sai dai ki sani mai dafa mana da tawul ɗaya yake share gumi da faranti.

Maganar waya ba ta kai ki tayar da hankalinki haka ba. Ke dai da kin ga rubutu a sikirin sai ki ɗauka da ke ake faɗa. Hanyoyin ba ɗaya ba ne. Wadda kika fara ita ce mafi sauƙi, ta cikin wayar kanta da waifai, amma tana son wuri kuma tana son batir ya cika. Ki goge bidiyoyin Baffa, ki jona ta a caji, ki sake dannawa, kada kuma ki taɓa ta sai ta mutu ta farfaɗo da kanta. In kin ga ta yi baƙi da wani layi yana tafiya a hankali, ba lalacewa ta yi ba, aiki take.

In wannan ta ƙi, sai ta kwamfuta. Baban yara yana da ita a ofishin makarantarsu. A sa wa kwamfutar manhajar kamfanin wayar, a haɗa su da kebul mai kyau, ba irin na bakin titi da ake riƙewa da yatsa ba. Kwamfutar ce za ta sauko da sabon ta zuba wa wayar, don haka ko wurin bai da yawa za ta iya. Akwai kuma masu sauko da fayil su zuba a memori su yi da hannu, wannan ba taki ba ce, kada ki bari wani ya ce zai gwada a wayar Inna.

Abu ɗaya nake roƙonki. Kada a kai ta kasuwa a yi mata filashin. Masu gyara da ka ce musu waya na da matsala, ko tari take, filashin za su ce. Shi kuwa shafe komai yake ya zuba sabo, kuma abin da likitan kunne ya saita wa Inna a cikin wayar yake. In ya tafi sai an koma asibiti, kin kuwa san yadda muka sha kafin mu samu ganinsa.

Maganar Baffa kuma, kin san halinsa, baki ne kawai. Ki rabu da shi. Da wayar ta tashi magana ta mutu. Ki daure, Yaya, na san ke kaɗai ce a kai.

Ƙaninki,
Auta


Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna lafiyar jiki ƙalau. Na rubuta mata gaisuwarka da manyan baƙi, ta karanta ta ninke ta sa a ƙarƙashin filo. Na gode da darasi, Malam. Daga nesa komai sauƙi ne da shi.

Na goge bidiyoyin. Ba a goge su a dunƙule, don hotunan jikokinta suna cakuɗe a ciki, dole sai na buɗe kowanne na gani. Na ga abin da ban taɓa zaton idona zai gani ba, har yanzu in na rufe ido ƙafar mutumin nan nake gani. Babban yatsana ya yi tsami. Da na gama wuri ya samu, na jona caji, na danna, sai ta ce babu intanet. Na leƙa wajen Mai Kemis, ya ce datarsa ta ƙare sai sabon wata, wai wasu ne suke zuƙe masa. Yana faɗa yana kallona, ni da ko gaisuwa ban tura da ita ba.

Sai hanyarka ta biyu. Na rufe keken ɗinki na bar kayan mutane, na bi Baban yara ofis. Kwamfutar nan na ga alamar a kanta suke karyawa, tsakanin maɓallan duk ɓurɓushin burodi ne da ɓawon gyaɗa, linzamin kuma yana manne wa hannu. Muka kunna ta, sai ita ma ta ce ba za ta yi komai ba sai an sabunta ta tukuna. Muka zauna muna kallon mara lafiya yana jinyar mara lafiya. Da ta gama nata muka jona kebul, wayar ta yi ƙara alamar sun gaisa, layin ya fara tafiya, ya kai kusan rabi, aka ɗauke wuta. Baban yara ya ce Allah ya sa bai fara zubawa ba, saukowa kawai yake. Na dawo da ita yadda na kai ta.

Washegari ina gwada wa wata mata riga a zauren gidan Inna, Baffa ya shiga wajen Inna ya fito, ban kawo komai a raina ba. Sai da na shiga na ga caja tana reto babu waya. Inna ta ce ai Baffanku ya ɗauka zai gyaro. Ko mayafi ban daidaita ba na bi shi kasuwa. Na same shi wajen wani mai gyara da suke ce wa Dakta, a ƙarƙashin matakalar bene, dab da kwata. Tebur ɗin tarin gawar wayoyi ne da ƙudaje. Yana sakace da ƙaramin sukundireban da yake kwance waya da shi. Wayar Inna na hannunsa, ya lashi yatsa ya goge sikirin, yana ta wuce hotunan 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya kamar an ba shi ya zaɓa. Ya ce wa Baffa wannan ba ta da magani sai filashin, yanzu-yanzu zai wanke ta tas. Na fizge ta. Baffa ya ce na tozarta shi a gaban mutane. Na ce masa ya yi haƙuri, amma wayar ba tasa ba ce. Da na dawo gida sai da na goge ta da sabulu a tsumma, na kuma wanke hannuna har gwiwa.

Yanzu tana kan tagar Inna a jone, na daina ko kallonta. Wallahi Auta na gaji. Maƙogwarona ya dushe da ihu, in ce mata ga ruwa sai duk layin sun ji. Masu ɗinki suna zuwa suna zagina a kan kayansu. In na koma gida da yamma yara ma ba na iya amsa musu. Wani lokaci in na tashi da safe na tuna zan sake zuwa in yi ta daga murya ana yi mini murmushi, sai in ji ƙafata ta yi nauyi. Ba ni da wanda zan gaya wa wannan sai kai, shi ya sa na faɗa.

Baffa ya ce zai rubuto maka da kansa.

Yayarka


Auta,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Shiru ban ji daga gare ka ba, tankar ma ban ga ta wuce ba, an ce ruwa ya cinye hanyarku. Zan bar wannan a gareji wajen masu lodin kayanku, duk motar da ta fara tashi ta tafi da ita.

Gajeriya ce. Jiya Baffa ya zo da tef ɗin awo. Inna na zaune a kan sallaya ya tsallake ƙafarta ya auna bango, ya auna taga, ya ce in riƙe masa bakin tef ɗin. Na ƙi. Ashe abincin kaji ya fara sayarwa, kuma yana neman wuri mai fuskantar titi da zai fasa ƙofa ya jibge buhuna. Ka san warin abin nan, kamar kifin da ya kwana a rana. Shi zai zuba a inda gadon Inna yake. Na je na ga ɗakin da ya ce ya tanadar mata a gidansa, yana bayan gida jikin makewayi, babu taga, bangon ya jiƙe har ya yi kore, kyankyasai suna yawo da rana tsaka.

Ya ce ya rubuto maka, da amsarka ta zo za a kwashe kaya. Na ce masa to mu jira, don na san ƙanina. Duk abin da ya rubuta maka kada ka yarda. Abin da na ce maka na gaji, gajiya ce irin ta kowa, na yi barci ta wuce. Ni zan ci gaba da zuwa, in ta kama in dawo da kwana nan zan dawo.

Yayarka


Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Inna da Baban yara da yara. Ni lafiya, sai dai mura. Ki yi haƙuri da shirun, gada ce ta karye, sai yanzu aka samu tanka ɗaya ta zagayo ta wata hanya. Ita ta kawo mini takardarki ta labarin kwamfuta da Dakta, tare da ta Baffa.

Yaya, na karanta taki na kasa cin abinci. Ban san abin ya kai ki haka ba. Ni ina nan ina rubuto miki danna nan danna can, ke kina can sana'arki na lalacewa, muryarki ta dushe, har kina jin nauyin zuwa gidan. Ban kyauta miki ba. Kin yi iya yinki, babu wanda zai ce ba ki yi ba.

Baffa ya ce akwai ɗaki a gidansa da mutane masu yawa da za su riƙa lura da ita, kuma ya ce ran nan saura kaɗan gidan ya kama da wuta. Na yi tunani, na ga ko don ke ya kamata in yarda. Ki bari ya mayar da ita. Gaskiya Inna yanzu ko'ina aka ajiye ta ɗaya ne, tunda ba ji take ba, ɗaki ɗaki ne. Ba sai an tsaya yi mata dogon bayani ba, zai ɗaga mata hankali a banza. A rubuta mata cewa rufin ɗakinta ne za a gyara, in ta kwana biyu a can za ta saba ta manta.

Wayar kuma ki bar wahalar da kanki. In na samu hutu zan zo da sabuwa, wannan ma ai hanya ce ta sabuntawa, kuma ta fi duk sauran sauƙi. Ki huta, Yaya.

Ƙaninki,
Auta


Auta,

Assalamu alaikum. Lafiyar jiki muna da ita. Allah ya sawwaƙe murar.

Takardarka ta zo ranar Alhamis da hantsi. Ina so ka san yadda aka karanta ta, don kai ma ka ɗanɗana. Baffa yana ɗakin Inna lokacin, ya dawo sake auna inda zai fasa ƙofa, da fensir a bayan kunne. Direba ya yi sallama ya miƙo. Baffa ya ce to ga hukunci ya zo, a karanta kowa ya ji. Ni kuwa da na san na aiko maka da labarin buhunan kaji da ɗakin makewayi, ban san takardar tana gareji ba ta tashi ba, har wani daɗi na ji. Ban duba ba. Na tsaya a tsakiyar ɗakin na buɗe murya, ina so kowace kalma ta shiga kunnen Baffa. Inna na bakin gado tana tsince wake a tire, kanta a sunkuye, wayar na kan taga a bayanta inda na yasar da ita.

Na karanta gaisuwa, na karanta tausayin da ka ji mini. Da na zo kan ki bari ya mayar da ita, na so in tsaya, amma Baffa ya matso yana cewa ci gaba, ci gaba. Na karanta ko'ina aka ajiye ta ɗaya ne. Na karanta ba sai an yi mata bayani ba. Na karanta a ce mata rufi za a gyara. Nan na tsaya.

Sai Inna ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Rufin ɗakina lafiyarsa ƙalau. Ƙarasa, ina ji.”

Na juya na dube ta. Baffa ya tsaya baki buɗe, tef ɗin ya zuge ya koma gidansa da kansa. Ashe wata ya kama, Mai Kemis ya sayi data, wayar kuma ga wuri na share mata, ga caji, ga wurin nan da na danna tun farko na manta. Ba kwamfuta, ba Dakta, ba ni, ba kai. Ta sauko da abinta ta sabunta kanta a kan taga, manhajar kunnen ta buɗe, abin da ke maƙale a kunnen Inna ya kama. Ta ce tun shekaranjiya da safe ta ji ƙit a kunnenta, sai ga kukan kaji da ƙarar babura. Ta so ta kira ni ta gaya mini, sai ta ji Baffa a tsakar gida yana gaya wa wani a waya cewa kayan da ke ɗakin sun kusa fita, har da tsohuwar. Ta ce sai ta ga bari ta ɗan saurara tukuna, ta ji me ake cewa a gidanta.

Ta sa na ƙarasa takardar har sa hannunka. Sannan ta ajiye tiren, ta juya wajen Baffa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa ta san shi tun yana zuwa gidan nan da majina a hanci yayansa na ba shi kuɗin makaranta, ya ɗauki tef ɗinsa da fensirinsa ya fita, kuma daga yau kada ya sake turo mata tsutsar kowa a waya. Ya fara cewa ai don lafiyarta ne. Ta ce ta ji don abin da ne, da kunnenta. Ya fita yana tattare riga, takalmi ɗaya ma sai a zaure ya ƙarasa sa shi.

Ni ma ban tsira ba. Ta ce ta ji ni ina ƙunƙuni ina wanke kwanuka, ta ji har abin da na kira wayar da wanda ya ƙera ta. Na sunkuyar da kai. Ta ce nawa ba komai, wanda yake zuwa kullum shi yake da bakin ƙunƙuni.

Ɗaki dai ya tsira, babu mai fitar da ita. Amma game da kai ba ta ce uffan ba. Na yi ta kare ka, na ce ba ka ga takardata ta buhunan kaji ba, na ce Baffa ne ya zuga ka, na ce tausayina ka ji. Ta ce ta gane. Ta ci gaba da tsince wakenta. Ni kaina ina jin haushinka, Auta, ba zan ɓoye ba. Na ce maka na gaji don ka ce mini sannu, ban ce ka ba da ita ba. Kuma ko da ka yarda a mayar da ita, wa ya koya maka a yi wa Inna ƙarya?

Yayarka


Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardunki biyu sun zo tare, ta buhunan kaji da ta ranar Alhamis. Na karanta su a tsaye a bayan injin, na kasa komawa aiki. Ba ni da abin cewa a kan kaina. Na ji ƙyamar abin da na rubuta, kuma na san ba Baffa ne ya riƙe mini biro ba.

Don Allah ki zauna kusa da Inna ki karanta mata wannan. Inna, ina gaishe ku, ina neman gafararku. Ban san ɗakin da aka tanadar muku ba, amma wannan ba hujja ba ce. Na yi magana a kanku kamar ba ku nan, na kuma ce a ɓoye muku gaskiya. Ku yafe mini. Ɗakinku naku ne, babu mai taɓa shi muddin ina raye.

Yaya, ki rubuto mini abin da ta ce, ko mene ne.

Ƙaninki,
Auta


Auta,

Sallama. Muna lafiya. Wayar tana aiki, Inna tana jin har motsin ɓera a silin, ta sa Baban yara ya hau ya duba. Baffa bai sake tako gidan ba, ya kuma cire kansa daga guruf ɗin dangi, kowa ya huta.

Na yi yadda ka ce. Na zauna kusa da ita bayan la'asar, na ce ga takarda daga Auta. Ta tambaya ko murar ta sake ka, na ce ba ka faɗa ba. Na fara karantawa. Ta saurari gaisuwa. Da na zo kan ina neman gafararku, sai ta ɗaga hannu ta zare abin daga kunnenta, ta ajiye shi a kan gado. Na tsaya. Na nuna mata takardar, na nuna kunnenta. Ta girgiza kai.

Ta ce, “Wancan da bakinki na ji shi, ya ishe ni. Wannan in nasa ne, ya zo ya faɗa da nasa bakin.”

Ta jira har na ninke takardar na sa a jaka, sannan ta mayar da abin kunnenta, ta tambaye ni ko na gama ɗinkin matar nan mai rigima.

Kada ka sayo wata sabuwar waya, kada kuma ka sake rubuto mata. Ka je wajen shugabanku ka nemi hutu, ko na kwana biyu ne, ka hau tankar nan ka zo.

Yayarka